Fikafikan Jirgin Malam

Ni ba na gode wa mutum don in faranta masa rai, duk layinmu an san haka. In kuka ji na ce na gode, to abin ya kai. Mutum biyu ne nake bin su da godiya, Mai Walda da Mai Agogo. Akwai na uku, Mai Bulo, shi kuma ban gama da shi ba.

Maigidana mai gyaran famfo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bakin titi, rumfar Mai Walda a damansa, teburin Mai Agogo a hagunsa, ɗakinmu kuma a bayan shagon, bango ɗaya ya raba. Famfo yake ciyar da mu, amma ba shi ne ya cinye masa rai ba. Jirgin ruwa ne, irin wanda yake nutsewa ya yi tafiyarsa a ƙarƙashi, sai ya ga dama ya taso. A talabijin ya gani tun muna da sauran ƙarfi, abin ya shiga kansa ya zauna. Ya ce sai ya ƙera ɗan ƙaraminsa. Da guntun bututun roba ya yi jikin, tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, ya gasa bakin a wuta ya lanƙwasa masa hanci, ya goge, ya shafa masa fenti ruwan toka.

Ni kuwa nawa faɗa ne.

"Malam, da furfurarka kake wasan yara? Surukai su zo su same ka kana wa bututu hanci?"

Sai ya ce, "Barkono, riƙe min nan."

Haka yake kirana tun ina amarya, kuma ban taɓa cewa ya yi ƙarya ba. Ina zagi ina riƙewa. Bahon wankina ya zama tekunsa. Lemata sabuwa fil ya zare mata tsinke har ta koma kamar kazar da aka fige, wai ƙarfen ya fi na kasuwa miƙewa.

Jirgin yana da farfela a baya, da wutsiya mai juya shi dama da hagu, sai 'yan fikafikai gaba da baya, kowanne bai fi faɗin yatsu biyu ba. Su ne kan magana. In sun sunkuya jirgi yana tafiya, ruwa ya danna su, jirgi ya yi ƙasa. In sun ɗaga, ya taso. Ban shiga aji ba, amma wannan karatun na haddace shi, don an maimaita min har kunnena ya gaji. Komai na jirgin ya gama sai su. Abin da ya gagare shi, tsinken da zai motsa su dole daga ciki zai fito, can inda batir da 'yan injuna suke, ya biyo ta wani ɗan rami. In ramin ya yi sako-sako, ruwa ya shiga ya kashe batir. In ya matse, tsinke ya ƙi motsi. A kan ramin nan yake fama ciwon ya kayar da shi.

Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi. Da muka dawo daga asibiti yana kwance, amma idonsa da rai, in ya ji ƙarar injin Mai Walda sai ya juyo kai. Yana cin abinci, yana jin abin da ake faɗa. Na ce Alhamdulillahi, za mu lallaɓa.

Wata safiya ina shanya sai ga Mai Walda da gudu, tabarau ɗinsa na aiki a goshi.

"Inna, fito ki gani."

Leburorin Mai Bulo ne. Shi ne mai shagunan layin, kuma shi ke da gidan buga bulo a ƙarshen titi. Sun fasa kwaɗo, sun watso kayan Malam waje kamar shara. Sifanu, bututu, gwangwanayen kusoshi duk a ƙasa. Jirgi kuwa yana kife a bakin kwata, wani ƙato ya taka shi, fikafikan sun karye, wutsiyar tana lilo.

Na tsaya gaban Mai Bulo na ce, "Wa ya ba ka izini?"

Ya ce, "Iya, mu daina ruɗin juna. Ƙanin matata yana neman wuri. Tsohon nan ya gama. Ba zai sake riƙe sifana ba har abada."

Muryarsa kamar ta mai tallan magani, kuma tagar ɗakinmu a buɗe take. Ban samu damar ba shi amsar da ta dace ba, don zuciyata ta riga ta koma ɗaki. Ina shiga na tarar Malam ya juya fuskarsa bango. Na kira, bai waigo ba. Na kawo abinci, ya rufe baki. Washegari ma haka. Ruwa kawai nake ɗura masa da cokali, shi ma rabi a kan filo yake ƙarewa. Mutumin da ciwo bai kashe ba, ga maganar wani tana nema ta kashe min shi ina kallo.

Na je wajen 'yan sanda, suka ce mu je mu sasanta. Na ce da wa, da jaki? Suka ce in fita. To na fita, na zarce gidan bulo, na hau kan bulon da aka jera na zauna. Duk wanda ya zo saye sai na tare shi na ba shi labari tun daga farko. Kullum in na gyara Malam, na bar maƙwabciya a wajensa, can nake tafiya. Mai Bulo ya gaji, ya sa hannu a aljihu.

Na ce, "Mayar. Ni ba bara na zo ba. Abin da bakinka ya zubar, bakinka zai kwashe, kuma a gabansa."

Ya yi dariya ya ce, "Iya, kin cika rigima."

"Ba ka ga komai ba, ɗan nan."

Shi kuwa jirgin, tun ranar Mai Walda ya ɗauke shi daga bakin kwata, ya ce in bar masa. Ban bi ta kai ba, hankalina ba ya wajen. Rannan da la'asar Mai Agogo yana zaune bakin gado, ya zo gaida abokinsa, yana ta surutu shi kaɗai kamar yadda ya saba, sai ga Mai Walda da sallama, ya rungumo abu a cikin tawul kamar mai jego.

"Baba, juyo ka ga ɗanka. Ya warke."

Ya buɗe. Wallahi ya yi kyau. Ya yanko sababbin fikafikai daga farin ƙarfe, ya goge su suna ƙyalli, ya sake fenti. Ya ɗora jirgin a kan gado, ya ja baya yana murmushi.

"Da gam mai haɗi biyu na kama su, na ƙara da ƙusa ta ciki. Ramin nan ma na bayansa na toshe shi tas. Yanzu ko mota ce ta taka, ba abin da zai motsa."

Malam ya juyo a hankali. Rabona da ganin fuskarsa sosai har na fara mantawa. Ya miƙo hannun hagu, ya ɗora babban yatsa a kan fiffike ɗaya, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Ya taɓa wutsiya, ita ma ƙam kamar an haife ta haka. Sai na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya laluba gefen filo, ya damƙi kofin silba, ya wurga. Mai Walda ya sunkuya amma bai tsira ba, a goshi ya same shi.

"Wayyo! Inna, me na yi?"

Ni kuwa na zube ƙasa ina dariya, hawaye yana zuba. Mutumin da ya ƙi ɗaga kai ya sha ruwa, yau ga shi da jifa, har da saiti.

Da na samu numfashi na ce, "Kai sakarai, ka taɓa ganin tsuntsu da fiffike a ƙage? Motsi suke yi! Da su yake nutsewa!"

Mai Walda yana murza goshi ya ce, "To ni ina na sani? Ni fa aikina ke nan tun ina yaro. A kawo min abu yana motsi, in hana shi."

Mai Agogo ya gyara tabarau ya ce, "Ni kuma a kawo min abu ya tsaya, in sa shi tafiya. Miƙo nan, ɓarna ta ishe ka haka." Ya dubi Malam. "Kai kuma tsohon banza, ashe kana da ƙarfin jifa ka bar matarka tana ta kuka a layi?"

Na ce, "Wa ya yi kuka? Ka kiyaye ni."

Daga ranar ɗakina ya zama shago. In rana ta yi sanyi su rufe nasu wuraren su taho, ɗaya da zarto da magagari, ɗaya da 'yar akwatinsa mai ƙananan sukurudireba da gilashin da yake maƙalawa a ido. Mai Walda ya kankare gam ɗin da ya zuba, yana yi yana ba jirgi haƙuri. Mai Agogo ya huda jikin jirgi, ya zura siririn ƙarfe ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaura fiffike a kowane baki, yadda in ɗaya ya sunkuya ɗan'uwansa ma ya sunkuya. Malam yana jingine da filo yana duba su. Ba baki, amma hannun hagun nan ya ishe su. In ya shimfiɗa tafin ya karkata shi ƙasa, nufinsa a ƙara sunkuyawa. In ya buga ƙarfen gado, an yi shirme, a kwance a sake. Ranar farko kaɗai ya buga gadon har maƙwabciya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ni ma na samu abin riƙe shi. In sun yi sallama sai in tare ƙofa da kwano a hannu.

"Ba mai taɓa jirgi sai an cinye wannan."

Malam ya harare ni, in harare shi. Mai Agogo ya ce, "Ci, abokina, ka san halinta. Ni ma tsoronta nake ji." Sai Malam ya buɗe baki.

Da aka zo kan ramin, aiki ya tsaya. Mai Agogo ya gwada zoben roba, tsinke ya cije. Ya sassauta, muka sa a baho, muka buɗe muka tarar da ruwa a ciki. Mai Walda ya ce a toshe da gam, duk muka juyo muka kalle shi, ya ce wasa yake yi. Suna cikin jayayya sai Malam ya fara nuna kan kabad, inda rediyona yake. Na ce labarai yake so, na kunna. Ya buga gado. Na canza tasha, ya buga da ƙarfi. Na kashe, ya ci gaba da nunawa.

Na ce, "Malam, in waƙa kake so ka faɗa, in kuma jifa za ka yi da shi, ba ka isa ba."

Na kai masa dai. Ya kama eriyar da hannu ɗaya, ya danne rediyon da gwiwa, ya ja ta ta miƙe, ya tura ta koma. Ya sake ja, ya sake turawa, yana kallon Mai Agogo.

Mai Agogo ya ce, "Kai! Bututu cikin bututu." Ya karɓa yana jujjuyawa. "Dubi yadda suka zauna a jikin juna, ba sako-sako, ba cijewa. A yanko gaɓa biyu. Babbar a kafe ta a ramin, ƙaramar ta riƙe tsinke tana zirga-zirga a ciki, a cika tsakaninsu da man giris. Ruwa ta ina zai shiga?" Ya dubi Malam. "Wato kana kwance kana kallon rediyon nan, aiki kake yi?"

Rabin bakin Malam mai rai ya ɗan motsa.

Na ce, "Lemata ta tafi, yanzu kuma rediyona?"

Ni da kaina na miƙa wa Mai Walda zarto.

Kafe babbar gaɓar a ramin kuwa, nan aka ga amfanin Mai Walda. Ya zuba gam ɗinsa ya zagaye ta, ya ce, "Wannan dai an yarda kada ya motsa ko?" Malam ya ɗaga masa babban yatsa. Mai Waldan ne kuma ya ƙera wani ɗan maƙali a hannun keken da muke tura Malam, ya kafe rimot ɗin jirgin a kai don kada ya zame. Mai Agogo ya buɗe rimot ɗin ya mayar da fikafikai da wutsiya kan sanda ɗaya ta hagu, yadda yatsa ɗaya zai iya da su duka.

Muka gwada a baho. Malam ya tura sanda, fikafikai suka sunkuya a cikin ruwa, ya ja suka ɗaga, a hankali kamar kifi yana hutawa. Muka buɗe ciki, a bushe ƙayau. Amma baho baho ne, jirgin ko juyawa ba ya iya yi, balle ya nutse. Ana bukatar ruwa mai faɗi da zurfi. Duk unguwar wuri ɗaya ne ke da shi, tankin siminti na gidan bulo, wanda suke ɗiban ruwan kwaɓi, ya fi ɗakina girma, zurfinsa ya shanye mutum.

Na je na samu Mai Bulo na ce, "Gobe da hantsi za mu zo tankinka, kuma kana tsaye."

"Iya, nan fa wurin aiki ne."

"Mu ma aiki zai kawo mu."

Ya dubi mutanen da suka zo sayen bulo suna jiran in fara ba su labari, ya ce to.

Da hantsi Mai Walda ya turo keken, Mai Agogo ya rungumo jirgi, ni ina gaba. Leburori suka ajiye shebur suka kewaye tanki, har da ƙaton da ya taka shi, na gane shi sarai. Ruwan ba ya nuna ƙasa, ƙurar siminti ta sa ya yi fari-fari. Mai Agogo ya durƙusa ya ɗora jirgi a kai. Farfela ta fara juyawa, jirgi ya kama tafiya, ya zagaya tanki yana jan ɗan layi a bayansa. Leburori suna dariya, wani ya ce a sa masa fasinja.

Sai Malam ya tura yatsa. Hancin jirgi ya sunkuya, ruwa ya hau bayansa, ya rufe ɗan ɗakin da ke samansa. Ya ɓace. Dariya ta tsaya.

Muka jira. Ruwa ya kwanta lum kamar ba a taɓa sa komai a ciki ba. Muka ƙara jira. Na ga gumi yana bin wuyan Mai Agogo, yana cewa ƙasa-ƙasa, "Giris ɗin ne. Ruwa ya shiga." Mai Walda ya fara cire riga. Ni kuwa na san in jirgin nan ya zauna a ƙasa, Malam bango zai koma, kuma wannan karon ba kofin da zai juyo da shi.

Mai Bulo ya leƙa ya ce, "Shi ke nan, ya tafi."

Na damƙi rigarsa ta baya. "Mutanenka suka karya shi, kai za ka shiga ka ɗauko. Cire takalmi!"

"Iya, ban iya ruwa ba!"

"Yau za ka koya."

Ina jan sa yana tirjewa, sai idona ya faɗa kan Malam. Ba ruwan yake kallo ba. Mai Bulo yake kallo. Yatsansa yana kan sanda, ya danne ta gefe, bai saki ba, kuma rabin bakin nan yana rawa. Na san wannan rawar. Ita yake yi in ya ɓoye min abu yana jira in gama masifa. Ashe tsohon nan yana can ƙasa yana zagaya tanki abinsa, ya bar mu muna mutuwa a tsaye.

Ya ja sandar baya a hankali. Ruwa ya kumbura dab da ƙafar Mai Bulo, ɗan ɗakin ya ɓullo, sai hanci, sai jirgin gaba ɗaya, ruwa yana zuba ta kan fikafikansa. Leburori suka kwashe da ihu. Mai Walda yana tsalle da riga a hannu. Mai Agogo ya zauna daɓas a kan yashi ya ce, "Allah ya isa, tsohon banza, ka kusa kashe ni."

Jirgi ya matso bakin tanki ya tsaya. Malam ya juyo wajena, ya yi ta kokawa da harshensa, har na ce ya bari. Bai bari ba.

"Bar...kono. Riƙe."

Na saki rigar Mai Bulo, na durƙusa, na ɗauko shi da hannu biyu. Ruwan ya jiƙa min zane har gwiwa. Duk wanda ya ce ya ga na yi kuka, ruwan tanki ne.

Mai Bulo ya zo gaban keken ya rage tsawo, ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

Na ce, "Ba haƙuri na ce ka ba shi ba. Me ka faɗa ranar?"

Ya sunkuyar da kai. Malam ya ɗaga hannu ya yi min alamar in bar shi. Na bar shi don Malam, a ranar. Amma maganar tana nan, kuma shagon har yau ƙanin matarsa ne a ciki yana sayar da cajar waya. Na gaya masa tankin nan mun samu wurin zuwa, duk ranar da Malam ya so, kuma kowane zuwa sai na tambaye shi me ya faɗa, har ranar da zai kwashe da bakinsa.

Malam yana cin abinci yanzu, har yana ƙorafi da hannu in gishiri ya yi kaɗan. Kalmominsa ba su da yawa, yawancinsu kuma umarni ne. Mai Walda yana nan da ɗan tabo a goshi, yana nuna wa mutane kamar lambar yabo. Mai Agogo ya ce fikafikan gaba suna ɗan jinkiri, sai an sake buɗewa, ni kuwa na san dalili yake nema na zuwa shan shayina. Su zo. Allah ya saka musu da alheri, ya raba su da ranar da za su juya fuska bango, in kuma ta zo, Allah ya ba su mai yi musu shirme irin wanda suka yi mana.

Rediyona ba ya kama ko tasha ɗaya. Jiya na ga Malam yana ƙare wa injin markaɗena kallo, na ɗauke shi na kai ɗakin maƙwabciya.